Masu Ceto A Gulbin Shagari

 Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ya san in ya wuce Boɗinga, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna zamanin da Shehu ya ke Sifawa, ba da jimawa ba sai ya iso Shagari. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba ta da manyan duwatsu irin waɗanda mutane kan ɓata cikinsu a wasu ƙasashe. Abin da ke cin rayuka a nan shi ne ruwa.

Cikin watan Afrilu 2022 na Miladiyya, ana tsakiyar azumin shekara ta 1443, wani jirgin ruwa ya kife a gulbin Shagari da mutanen ƙauyen Gidan Magana. Sun fita ne neman itacen girki. Mutum 29 suka riga mu gidan gaskiya, galibinsu yara ne da samari da 'yan mata. Shekara ba ta daɗe da zagayowa ba, cikin watan Mayu 2023, sai ga irin wannan a ƙauyen Dandeji, nan ma yara ne masu zuwa itace, aka tsamo gawa 15. Allah ya jiƙansu.

To, in irin wannan ta auku, wa ke fara shiga ruwa? Masunta ne da masu tuƙin jirgi na ƙauyukan bakin gulbi, mutanen sarkin ruwa. Ba wanda ya ɗauke su aiki, ba su da albashi. Da sun ji kururuwa sai su bar taru da koma, su tura jirage. Gwamnati tana da hukumomin agaji, kamar NEMA wadda aka kafa cikin 1999, amma ma'aikatansu suna birni. Daga Sakkwato zuwa Shagari akwai wajen mil 30, sa'an nan a bar kwalta a bi hanyar ƙauye. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa wanda numfashinsa ya yanke cikin ruwa, in ya wuce minti 5 ko 6, ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa. Watau kafin motar agaji ta kai Boɗinga, wanda zai tsira ya tsira, wanda zai tafi ya tafi. Ceton mai rai aikin na kusa ne.

Aikin kuma yana da ilminsa. Gwanin ruwa ba ya fuskantar mai nutsewa gaba da gaba, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, ya kan ƙanƙame mai cetonsa su tafi tare. Don haka a kan fara jefa masa igiya ko gora, in kuwa dole sai an shiga, ta baya a ke kama shi. In an rasa mai rai sai a koma neman gawa. A tsai da wurin da jirgin ya kife, a jera jirage a bi inda ruwa ke gangarawa, ana nutso ana jan ƙugiya, ana duba gindin ciyayi. Abin da ya fi wahal da masu nema shi ne rashin sanin ko mutum nawa a ke nema, don ba a rubuta sunan mai shiga jirgi.

Malamai sun san hukuncin wannan aiki. Ceton rai farilla ce ta kifaya: in wasu sun tsaya da ita an ɗauke wa saura, in an rasa mai tsayawa laifi ya hau kan duk mai iko. An halatta yanke salla don ceton mai nutsewa, da karya azumi in ceton ba zai yiwu ba sai da haka. A Muhtasar, Shehu Halilu ya ɗora lamuni bisa wanda ya sami ikon kuɓutar da rai ko dukiya ya ƙi. Tsamo gawa ma ba ƙaramin alheri ba ne. Da shi a ke samun yi wa mamaci wanka da likkafani da salla. Da shi kuma shakka ke kauwa, matarsa ta shiga takaba, a raba gado, maimakon a bar iyali cikin doguwar shari'ar wanda ya ɓata.

Mutanen wasu ƙasashe sun daɗe da tsara irin wannan taimako. A ƙasar Folan, cikin 1909, mutanen garin Zakopane suka kafa ƙungiyar 'yan sa kai masu neman waɗanda suka ɓata ko suka faɗi a duwatsun Tatra, har yau tana aiki. A Ingila kuwa tun 1824 aka kafa ƙungiyar jiragen ceto ta bakin teku. Yawancin masu fita da jiragen nan mutanen gari ne masu sana'o'insu, jiragen kuwa da gudummawar jama'a a ke sayensu. Masunta Shagari ba su gaza waɗannan jaruntaka ba. Abin da suka fi su shi ne tsari da kayan aiki.

Nan ne rabon attajirai ya ke. Farillar kifaya ba ta sauka da jikin masunci kaɗai, tana bukatar dukiyar mai dukiya. Igiya, da fitila mai ƙarfi don neman dare, da rigunan hana nutsewa, da jirgi ɗaya mai inji a kowane babban mashigi, ba su fi ƙarfin 'yan kasuwar Boɗinga da Shagari ba in sun haɗa hannu. Masuncin da ya bar sana'arsa kwana biyu yana neman ɗan wani, ya cancanci a kai wa gidansa hatsi.

Rabon malamai kuma shi ne faɗakarwa. Limami ya gaya wa mai jirgi cewa ɗora wa jirgi abin da ya fi ƙarfinsa cin amana ne, ya gaya wa iyaye kada a tura yara ƙetare ba babba tare da su. 'Yan agajin masallatai, waɗanda a ke gani ranar Juma'a da ranar Idi, su je wurin sarkin ruwa su koyi iyo, su koyi yadda a ke mayar da numfashin wanda aka tsamo. Hakimai da dagatai su sa a riƙa ƙidaya masu shiga jirgi kafin ya tashi.

Ajali na hannun Allah, amma an umurci bawa da riƙon sababi. Allah ya saka wa masu ceto da alheri, ya ba iyayen yaran haƙuri, ya kiyaye na gaba.