Tantance Tangarɗa: Aikin da ke Yanke Ranar Fitowar Debian

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutun umarninta a fili, kowa na da 'yancin karanta shi, ya gyara, ya kuma raba wa wasu, kuma daga cikin tsofaffin ayyukan da suka ginu a kan wannan aƙida akwai Debian, tsarin sarrafa kwamfuta na dangin Linux wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, wanda har gobe 'yan sa-kai ne ke riƙe da ragamarsa. Da yake manhajojin da aka tattara a cikinsa sun haura 60,000, ba a rabuwa da ƙorafi, shi ya sa aka tanadi rumbu guda inda kowane rahoton tangarɗa ke shiga ta imel a ba shi lambarsa, kuma a 2021 lambobin suka kai miliyan ɗaya.

Rahoto ba ya zama aiki sai an tantance shi. Idan wani ya rubuto cewa manhajar karatu na mutuwa duk lokacin da ya buɗe wani fayil, mai tantancewa zai fara duba sigar da mutumin ke amfani da ita, sannan ya gwada a kwamfutarsa ko matsalar za ta maimaitu; in ta ƙi, sai ya sa wa rahoton alamar neman ƙarin bayani, in kuwa ya tarar an riga an kai wannan kuka, sai ya haɗe rahotannin wuri guda don kada mutum biyu su ɓata lokaci a kan abu ɗaya. Bayan haka ne ake zuwa ga mataki mafi nauyi, wato auna tsananin tangarɗar. Debian na da matakai bakwai, daga roƙon ƙarin wani abu da ake sha'awa har zuwa ɓarnar da ke durƙusar da kwamfuta baki ɗaya, kuma uku na sama, waɗanda suka shafi irin su asarar bayanai, buɗe ƙofa ga masu kutse da saɓa wa ƙa'idojin aikin, su ne ke iya hana sabuwar siga fitowa. A nan ne gardama kan kaure, domin mai ƙorafi na ganin matsalarsa ta fi kowace girma, mai kula da manhajar kuma yana iya ganin ba ta taka kara ta karya ba, sai kwamitin da ke kula da fitar da sabuwar siga ya raba gardama.

Idan lokacin fitarwa ya ƙarato, kwamitin kan rufe ƙofa a hankali, mataki bayan mataki, har a kai inda babu sabon abin da zai shiga sai gyara. Daga nan manhajar da ke ɗauke da tangarɗa mai tsanani ko dai a gyara ta ko a cire ta, masu aikin kuma kan shirya taruka, galibi a ƙarshen mako, inda suke zama su yi ta murƙushe waɗannan matsaloli ɗaya bayan ɗaya.

Wannan tsari na jiran inganci yana da tsada. Tsakanin sigar Yulin 2002 da ta Yunin 2005 an shafe kusan shekara uku, kuma a cikin wannan jira ne Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu a 2004, wadda aka gina a kan Debian amma take bin kalanda, tana fitowa duk wata shida, a Afrilu da Oktoba. Duk da haka, ga asibiti ko jami'ar da kwamfutocinta za su yi shekaru suna aiki babu tsayawa, haƙurin Debian ya fi alfanu, kuma masu tantancewa, waɗanda ba kasafai ake jin sunayensu ba, sun cancanci yabo daidai da masu rubuta manhajar. Tun bayan wancan jinkiri Debian ta daidaita a kan kusan shekara biyu-biyu, kuma siga ta 13 ta fito ranar 9 ga Agusta, 2025.