Daga Gidan Yari Zuwa Gidan Gyaran Hali: Aikin Sa Ido na Majalisar Nijeriya

Ɗalibin Hausa da ke sauraren labaran Nijeriya zai lura cewa tun daga shekarar 2019 masu karanta labarai sun rage cewa "gidan yari", sun koma cewa "gidan gyaran hali". Shi Yari sarauta ce a tsarin masarautun ƙasar Hausa, wato mai kula da ɗaurarru, daga gare shi ne gidan ya samo suna. A Nijar an fi cewa "gidan kaso", ga kuma kalmar "kurkuku" wadda kowa ya sani. Sabon sunan kuwa doka ce ta haifar da shi. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda Majalisar Tarayya ta yi dokar, da kuma abin da ya fi yin doka wuya, wato bin sawunta don a ga ko ana aiki da ita.

Me ake nufi da sa ido?

Majalisar Tarayyar Nijeriya kashi biyu ce: Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai. Ban da yin doka, sashe na 88 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowacensu ikon binciken duk wata ma'aikata ko hukuma da ke zartar da dokokin da aka yi, ko ke kashe kuɗin da aka ware. Manufar binciken ita ce a gyara kurakuran doka, a kuma tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ƙara da cewa majalisa na iya kiran kowane mutum ya zo ya ba da shaida, in ya ƙi zuwa ba da hujja ba, a ba da takardar kamo shi. Wannan shi ne ake kira sa ido. A lura, majalisa ba kotu ba ce. Ba ta ɗaure kowa, ba ta sakin ɗaurarre. Makamanta uku ne kawai: tambaya, da tonon asiri, da riƙe bakin jakar kuɗi lokacin kasafi.

Inda gizo ke saƙa

Babbar matsalar gidajen yarin Nijeriya ita ce cunkoso, kuma cunkoson bai taso daga yawan waɗanda aka yanke wa hukunci ba. A shekarar 2024 mutanen da ke tsare sun haura dubu 80, kuma kusan kashi biyu cikin uku masu jiran shari'a ne, wato babu alƙalin da ya same su da laifi tukuna.

Yaya aka yi haka? Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Amma wannan kariya ba ta shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Sai 'yan sanda su kai mutum gaban majistare bisa zargin fashi da makami ko kisan kai, alhali majistare ba shi da hurumin sauraren irin wannan ƙara. Abin da zai iya yi kawai shi ne ya tura shi gidan yari a ajiye, a jira shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a. Idan fayil ya ɓace, ko aka yi wa ɗan sanda mai bincike canjin wurin aiki, shi ke nan an manta da mutum. Akwai waɗanda sukan yi shekarun da suka fi na hukuncin da za a yanke musu da an same su da laifin.

Dokoki biyu

A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka. Dokar ta ce umarnin ajiye mutum kada ya wuce kwana 14 a karon farko, ana iya sabunta shi, amma da iyaka. Ta ɗora wa manyan majistarori su riƙa duba ofisoshin 'yan sanda duk wata. Ta kuma wajabta wa shugaban hukumar gidajen yari ya riƙa miƙa wa manyan alƙalai da Antoni-Janar, duk kwana 90, sunayen waɗanda suka wuce kwana 180 a tsare bayan an gurfanar da su. Wannan tanadi na ƙarshe, a ganina, shi ne mafi amfani ga ɗan majalisa, domin takarda ce da zai iya cewa a kawo masa ya ƙirga.

Doka ta biyu ta sha jinkiri. Sanata Victor Ndoma-Egba ya gabatar da ƙudurinta a 2008, amma sai a watan Agusta na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu, shekara 11 ke nan. Ita ce ta kawo sunan gyaran hali. Ta raba aikin hukumar gida biyu: tsarewa, da hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar yi wa al'umma aiki, da ɗaurin talala, da sasanci tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Ta kuma ce idan gida ya cika ya batse, kwanturolan jiha ya sanar da Babban Joji da Antoni-Janar na jihar cikin mako guda, in wata uku suka wuce ba a yi komai ba, yana da ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni.

Karnuka da fursunoni

Misalin da ya fi nuna yadda sa ido ke aiki ya faru ne a watan Disamba na 2023, lokacin kare kasafin kuɗi. Shugaban hukumar na wancan lokaci, Haliru Nababa, ya bayyana gaban kwamitin harkokin cikin gida, inda Sanata Adams Oshiomhole ke jagoranci. Da aka matsa masa da tambaya, sai ya ce ana kashe Naira 800 a kullum wajen ciyar da kowane karen hukumar, fursuna kuwa Naira 750. Magana ta cika jaridu. A 2024 gwamnati ta ƙara kuɗin abincin zuwa Naira 1,125. Duk wanda ya san farashin kwanon shinkafa a wannan shekara ya san ƙarin bai taka kara ya karya ba, amma dai tambaya ɗaya a zauren kwamiti ta fito da abin da aka daɗe ana yi shiru a kai.

Sau da yawa kuma sa idon kan zama ihu bayan hari. A watan Yuli na 2022 'yan bindiga suka fasa gidan yarin Kuje kusa da Abuja, fursunoni sama da 800 suka tsere. Sai bayan haka shugaban Majalisar Dattawa na lokacin, Ahmad Lawan, ya kai ziyara, ya koka cewa babu kyamarorin tsaro a gidan. Abin tambaya shi ne, kwamitocin da ke amincewa da kasafin hukumar duk shekara ba su taɓa lura da haka ba?

Tarayya da jihohi

Akwai wata tangarɗa da ke cikin tsarin kansa. Tun 1968, lokacin da aka haɗe gidajen yarin En'e da na gwamnati, tsare fursuna ya zama aikin tarayya. Amma mafi yawan waɗanda ke ciki kotunan jihohi ne suka tura su, bisa laifukan da dokokin jihohi suka tanada. Majalisar Tarayya tana iya kiran kwanturola, amma jinkirin da ke ma'aikatar shari'ar jiha hurumin majalisar jiha ne, wadda sashe na 128 ya ba irin wannan ikon bincike. Ita ma dokar 2015 kotunan tarayya da na Abuja ta shafa, sai da kowace jiha ta yi tata: Kaduna a 2017, Kano a 2019. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi damar kafa gidajen gyaran halinsu. Jihar da ta gina nata, majalisar dokokinta ce za ta ware kuɗin abinci, ita ce kuma za ta kira kwamishina ta tambaye shi yawan masu jiran shari'a.