Rediyon sha'awa: Abin da ya kamata ku sani kafin kafa eriya da amfilifaya a gida

A duk lokacin da wata masifa ta katse layukan waya da intanet, akwai wasu mutane da muryarsu ke ci gaba da fita. Su ne masu rediyon sha'awa, waɗanda ke kafa ƙaramar tasha a gida suna magana da takwarorinsu na wasu ƙasashe ba tare da kamfanin sadarwa ba.

An ga amfaninsu a 2017, lokacin da guguwar Maria ta lalata hanyoyin sadarwa a tsibirin Puerto Rico, inda suka riƙa isar da saƙonnin agaji.

Harkar ta daɗe. Tun 1925 aka kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a birnin Paris, kuma a ranar 18 ga Afrilun kowace shekara suke bikin ranarsu. Kowace tasha na da lambar kira da ke nuna ƙasarta: ta Najeriya na farawa da 5N, Nijar 5U, Ghana 9G, Kamaru TJ. Marigayi Sarki Hussein na Jordan yana cikinsu, da lambar JY1.

Sai dai abubuwa biyu ne suka fi jefa sababbin shiga cikin asara: gaggawar sayen amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, da sakaci wajen haɗa eriya da ƙasa.

Me amfilifaya ke ƙarawa?

Yawancin rediyoyin gida masu gajeren zango suna fitar da wat 100. Amfilifaya na iya ɗaga shi zuwa wat 1,000 ko fiye, gwargwadon abin da doka ta yarda. A Amurka iyakar ita ce wat 1,500. A Birtaniya kuwa, a 2024 hukumar Ofcom ta ɗaga iyakar masu cikakken lasisi daga wat 400 zuwa 1,000. Kowace ƙasa da dokarta, kuma sai da lasisi ake watsa sigina.

Amma ribar ba ta kai yadda lambobin ke nunawa ba. A ma'aunin ƙarfin sigina da ke jikin rediyon mai sauraro, sai an ninka ƙarfi sau huɗu kafin allura ta hau mataki guda. Wanda ya tashi daga wat 100 zuwa 400 mataki ɗaya ya ƙara. Wanda ya kai 1,500 ya ƙara kusan biyu.

Sannan amfilifaya na taimaka wa fitar murya ne kawai. Ba ya ƙara wa mai tasha ji. Gyaran eriya kuwa, ko ɗaga ta sama, yana amfanar ɓangarorin biyu. Shi ya sa tsofaffin hannu ke ba da shawarar a fara kashe kuɗi a kan eriya.

Akwai ma masu yin nisa da ƙarfi kaɗan. Tsarin FT8, wanda ya fito a 2017 kuma Joe Taylor, mai lambar yabo ta Nobel a kimiyyar fiziks, na cikin waɗanda suka ƙirƙira, yana ba da damar tsallaka nahiyoyi da 'yan wat kaɗan ta hanyar haɗa rediyo da kwamfuta.

Haɗarin da ke cikin akwatin

Amfilifaya na mayar da wajen rabi zuwa kashi biyu bisa uku na wutar da ya sha zuwa sigina, sauran kuma zafi ne. Don fitar da wat 1,000, zai iya jan kusan wat 2,000 daga soket. Ƙaramin janareta ko inbata ta gida ba za su ɗauka ba, siririyar waya kuma za ta yi zafi.

Nau'in da ke aiki da bututun gilashi na ɗauke da bolt 2,000 zuwa 4,000 a cikinsa, kuma wutar kan ci gaba da zama a ciki bayan an kashe shi. Taɓa ta na iya kisa nan take, don haka buɗe murfinsa aikin ƙwararre ne.

Dole kuma eriya ta dace da zangon da ake aiki a kai. Idan ba ta dace ba, wani ɓangare na ƙarfin yana komowa ta waya, abin da kan ƙona amfilifaya. Ita kanta eriyar tana ƙona fata idan aka taɓa ta ana cikin watsawa, saboda haka a kafa ta inda hannun yara ba ya kaiwa, nesa da wayoyin lantarki na titi.

Haɗi da ƙasa iri uku ne

Na farko shi ne na kariya daga wutar gida. Shi ne aikin ƙafa ta uku a filogi: idan waya mai wuta ta taɓa jikin na'ura, wutar ta bi ta can maimakon ta bi jikin mutum.

Na biyu na tsawa ne. Faɗuwar tsawa guda kan ɗauki wajen ampiya 30,000, ga shi eriya kan zama abu mafi tsayi a gida. A 1753, masanin kimiyya Georg Richmann ya rasa ransa a birnin St. Petersburg na Rasha, lokacin da yake gwaji da ƙarfen da ya jawo daga rufi zuwa ɗakinsa ba tare da hanyar da wutar za ta bi ta sauka ƙasa ba.

Na uku na sigina ne. Eriya mai tsaye tana buƙatar wayoyi da aka shimfiɗa a gindinta kamar tsinken laima. Binciken da injiniyoyin kamfanin RCA uku, Brown da Lewis da Epstein, suka wallafa a 1937 shi ne tushen ƙa'idar shimfiɗa wayoyi 120 a manyan tashoshin matsakaicin zango. Mai tashar gida ba ya buƙatar wannan adadi, amma sanda ɗaya a ƙasa ba ta maye gurbinsu.

Kuskuren da ya fi tsada

Mutane da yawa kan kafa wa eriya sandarta daban, su bar ta wutar gida daban, ba tare da sun haɗa su ba. Idan tsawa ta faɗa kusa, bambancin ƙarfin wuta tsakanin sandunan biyu kan kai dubban bolt. Wutar za ta nemi hanya daga wannan zuwa waccan, hanyar kuwa ita ce cikin rediyo da wayoyin gida.

Kundin dokokin lantarki na Amurka ya wajabta haɗa sandunan da waya mai kauri ta jan ƙarfe, wadda ta kai kimanin murabba'in milimita 13. Ya kuma tanadi cewa sanda ta shiga ƙasa aƙalla mita 2.4, sannan idan za a ƙara ta biyu, a ba da tazarar da ba ta gaza mita 1.8 ba.

Wayar da ke sauka ƙasa ta kasance gajera kuma miƙaƙƙiya, ba lanƙwasa mai kaifi. A kuma sa na'urar kariya daga tsawa a daidai inda wayar eriya ke shiga gida, daga waje.

Matsalar busasshiyar ƙasa

A nan ne yankin Sahel ke da nasa ƙalubalen. Yumɓu mai laima yana karɓar wuta cikin sauƙi, busasshen rairayi kuwa yana iya fin sa turjiya sau ɗari. Sandar da ta yi aiki da kyau a watan Agusta tana iya zama kusan hoto a watan Afrilu, ga shi tsawar farkon damina na zuwa ne ƙasa ba ta jiƙa ba tukuna.

Masu aikin wayarin sun saba zuba gawayi da gishiri a ramin. Dabarar tana aiki na ɗan lokaci, amma ruwa na wanke gishirin, kuma yana cin ƙarfe. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a zurfafa, a ƙara yawan sanduna a haɗa su, ko a cika ramin da yumɓun bentonait mai riƙe laima. A riƙa auna haɗin da rani, lokacin da ya fi rauni.

Ƙurar hunturu ma tana da nata. Busasshiyar iska mai ƙura na tara wuta a jikin doguwar eriya har ta yi tartsatsi, ko da babu hadari a sama, wanda hakan kan lalata sashen karɓar sigina.

Duk da waɗannan matakai, babu na'urar da ke ba da tabbacin tsira daga tsawar da ta faɗa kai-tsaye. Da zarar hadari ya haɗu, a kashe tasha, a cire wayar eriya da filogin wuta tun kafin a fara jin rugugi.

Ko ba ku da rediyon sha'awa, ƙa'idar ta shafi duk gidan da ke da ƙarfe a sama, daga farantin tauraron ɗan'adam zuwa faifan sola da dogon ƙarfen intanet. Kafin ruwan farko, ku nemi ƙwararren mai wayarin ya duba ko an haɗa su da ƙasa, ya kuma tabbatar duk sandunan gidan a haɗe suke da juna.