Duwatsun da Wuta Ta Haifa

Ɗalibin da ya tsinci ɓarin dutse a gindin Kufena, kusa da Zariya, ya ƙura masa ido, zai ga ƙwayoyi iri uku manne da juna: wasu garau kamar gilashi, wasu farare ko jaja-jaja, wasu kuma baƙaƙe masu ƙyalli. Masana kimiyyar ƙasa suna kiran wannan dutse giranit. Girman ƙwayoyin nan shi ne shaidar cewa dutsen ya taɓa zama narkakke, sa'an nan ya daskare sannu a hankali a can cikin ƙasa.

Mutane da yawa suna zaton cikin duniya duka ruwan wuta ne. Ba haka ba ne. Mafi yawan abin da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa daskararre ne, duk da tsananin zafinsa. Dutse yakan narke a wasu wurare ƙalilan, idan nauyin da ke danne shi ya ragu, ko kuwa ruwa ya ratsa shi. Zafin narkakken yakan kama daga digiri 700 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyas. Da yake bai kai duwatsun da ke kewaye da shi nauyi ba, sai ya riƙa kutsawa sama. Inda ya tsaya ya huce, nan ake sanin irin dutsen da zai zama.

Idan ya maƙale a ƙarƙashin ƙasa, duwatsun da suka lulluɓe shi sukan tsare zafin kamar tukunyar da aka rufe, har ya shekara dubbai bai gama hucewa ba. A wannan dogon lokaci ma'adinan cikinsa suke samun sararin girma. Haka giranit ya samu, haka ma gabaro, ɗan'uwansa baƙi mai nauyi. Giranit ɗin Kufena ya kai shekara wajen miliyan 600, kuma bai ga rana ba sai da ruwa da iska suka zaizaye abin da ke kansa.

Wanda ya fito sarari ta bakin dutse mai aman wuta kuwa, cikin gaggawa yake daskarewa, ƙwayoyinsa ƙanana ƙwarai, ido ba ya rarrabe su. Basal ke nan, baƙin dutsen da ya shimfiɗe tudun Biu a Jihar Borno. In hucewar ta yi sauri fiye da haka, sai a sami obsidiyan, dutse mai santsi kamar fasasshiyar kwalba. Idan kuma iska ta cika narkakken ya yi kumfa, sai ya bar wani dutse mai huji-huji wanda har yakan yi iyo a kan ruwa, irin wanda ake goge kaushi da shi. Launi ma yana da dalili: giranit ya fi haske domin sinadarin silika ya yawaita a cikinsa, basal kuwa ƙarfe da magnisiyam suka baƙanta shi.

Sanin waɗannan bambance-bambance ba don cin jarrabawa kaɗai ba ne. Akwai jerin giranit da ake kira sababbi, wanda ya faro daga duwatsun Azbin a Nijar, inda ya haura shekara miliyan 400, ya gangaro ta Damagaram har tudun Jos, inda yake wajen shekara miliyan 170. A cikinsa kuza take. Maƙeran Riruwai sun daɗe suna narka ta kafin zuwan Turawa, kuma ita ta tara jama'a a Jos da Bukuru tun farkon ƙarni na 20. Manomi ya san ƙasar da basal ya rududduge ya bari tana da albarka. Mai haƙar rijiya kuwa yakan sha wuya a yankin giranit, domin dutsen ba ya tsotsar ruwa. Sai an dace da tsaga ko ruɓaɓɓen sashensa, in ba haka ba kuɗin burtsatse ya tafi a banza.

Har yanzu ana haihuwar irin waɗannan duwatsu. A shekarar 1999 Dutsen Kamaru ya yi aman wuta, narkakken basal ya gangaro har ya datse hanyar mota ta bakin teku, yamma da garin Limbe, ya daskare a nan.