A Koya wa Linzamin Kwamfuta Hanyar Gida

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu a Tambuwal ranar cunkoso ya san yadda ake fama. Janareto na ruri a waje yana shan mai, wani malami ya taso tun daga Kebbe da takardar neman canjin wurin aiki, ga mai katin ɗaurin aure yana ta duba agogo. Shi kuwa yaron da ke kan kwamfuta abu ɗaya yake nanatawa tun hantsi: ya buɗe shafi, ya sa adireshi da kwanan wata, ya daidaita gefe, ya adana, ya tura firinta.

Irin wannan aiki aka yi makaro dominsa. Makaro jerin umarni ne da ake ɗaurewa dami guda, a taɓa abu ɗaya su gudana bi da bi. Microsoft Word ma yana da wurin naɗarsa: ka yi aikin sau ɗaya yana kallo, ya haddace. Yawanci a maɓallan rubutu ake rataya shi, amma ana iya ɗora shi a kan linzami, ta yadda dannawa ɗaya za ta yi aiki daban-daban gwargwadon inda kibiya ta tsaya.

Sirrin ba wani mai zurfi ba ne. Fuskar kwamfuta ɗige-ɗige ce a jere, ana fara ƙirga su daga kusurwar sama ta hagu. Ƙananan laftof da suka cika shagunanmu da yawansu ɗigo 1366 ne a kwance, 768 a tsaye. Manhajar kyauta irin AutoHotkey, wadda Chris Mallett ya fitar a 2003, takan tambayi kwamfuta inda kibiya take a lokacin da aka danna. In tana cikin ɗigo goman farko na sama ta hagu, a zubo kan wasiƙa. In tana ƙasa ta dama, a adana a tura firinta. In tana tsakiya, a ƙyale ta. Tayar nan ta tsakiyar linzami ita ta fi dacewa da wannan aiki, tun da maɓallin hagu da na dama suna da nasu hidimar.

Me ya sa kusurwa? A 1954 wani masani ɗan Amurka, Paul Fitts, ya nuna cewa saurin kai hannu ga abu ya danganta da nisansa da girmansa. Kusurwa kuwa ba a zarce ta. Wurga kibiya ko ido rufe, can za ta je ta tsaya, kamar jakin da ya san ƙofar gida. Shi ya sa Windows 7 ya ajiye maɓallin share fuska a can ƙuryar ƙasa ta dama a 2009, kwamfutocin Apple kuma suka daɗe suna bari mutum ya ba kowace kusurwa aikinta.

Akwai masu raba gefen sama kashi huɗu don haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ni dai ban ga ribar wannan ba. Mai rubutu hannunsa na kan maɓallai, ɗaga shi zuwa linzami saboda harafi ɗaya ɓata lokaci ne. A bar wa linzami buɗe aiki da rufe shi.

Sai dai makaro makaho ne. Wuri ya sani, bai san abin da ke wurin ba. Na ga shagon da aka canza fuskar kwamfuta zuwa babba mai 1920 da 1080, aka manta da gyara lissafi. Ƙuryar ƙasa ta dama da aka zana ta faɗo can cikin fuska, yaro ya taɓa taya cikin rashin sani, firinta ta yi ta aman takarda har mai shago ya fizge waya. Don haka kada a ɗora gogewa ko tura kuɗi a kan kusurwa, kuma a umarci manhajar ta auna faɗin fuska da kanta maimakon a rubuta mata lamba.

Makaron da ya zo cikin takardar wani kuma a yi hattara da shi. Ta wannan ƙofa ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Melissa ta bi takardun Word ta bazu a duniya a watan Maris na 1999, kuma tun 2022 Microsoft ke toshe makaron fayilolin da aka sauko da su daga intanet. In kwastoma ya miƙo filashi, Word ya tambaya ko a kunna makaro, a ce masa a'a, a buga masa takardarsa haka nan.