Kirsimatin 'Ya'yan Ikko A Kagoro

Da watan Disamba ya raba tsakiya, sai tashoshin motar Arewa da ke Ikko su cika da iyalai masu zuwa gida Kirsimati. Murna wajen yaran da aka haifa a Kudu ba a magana. Waɗanda suka sauka Kagoro, hunturu ya tarbe su, kaka ta rungume su, a yanka akuya. Ran 25 ga wata su sa sababbin kaya, su bi gida-gida yawon gaisuwa. Ran 1 ga Janairu kuma ga bikin Afan, maharba na rawa. Abin tausayi, kaka na yi musu yare, jikoki sai Turanci da Yarbanci. Iyaye, kuɗin mota da tsada kam, amma zumunta a ƙafa take.