Babban Gwani: Maginin da ya yi wa laka baka a ƙarni na 19

Matafiyin da ya tashi daga Birnin Kudu zuwa Bauchi ta hanyar Ningi zai ratsa Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, wadda ba ta da nisa da ƙasar Gwaram. A garin akwai gidan Madakin Bauchi da aka gina wajen 1860, wanda gwamnati ta sanya cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Yawancin direbobi da fatake kan wuce ba tare da sanin cewa aikin Babban Gwani ne ba, maginin da ya fi kowa suna a ƙasar Hausa a zamaninsa.

Babban Gwani laƙabi ne na shugaban magina a Zazzau. Wasu marubuta na kiran mutumin Malam Mika'ilu, wasu kuma Muhammadu Durugu. Aikin da ya ɗaukaka shi shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846.

Ƙwarewarsa tana ga rufi. Azara, wato tsagaggen icen giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma ba ta iya ɗaukar nauyin laka idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu. Don haka ake jera azara daki-daki daga jikin bango ko ginshiƙi, kowane sahu yana ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure, a lulluɓe da laka, har bakuna su haɗu a sama su tallafi tulluwa. Magina sun san wannan dabara tun kafin shi. Shi ne dai ya kai ta faɗi da tsayin da jama'a za su yi sahu a ƙarƙashi, ba siminti, ba ƙarfe, kuma ya zana ƙawar a jikin lakar tun tana ɗanya.

A 1846 ne aka kammala cocin Trinity a birnin New York na Amurka, wadda Richard Upjohn ya tsara. Upjohn ya bar zane a takarda, har ya wallafa littafin tsare-tsaren gini a 1852. Ilimin Babban Gwani kuwa a hannun 'ya'ya da almajirai ya zauna, kuma har yau akwai unguwa mai sunansa a birnin Zariya. Akwai ma labarin baka da ke cewa wani sarki a Birnin Gwari ya sa an kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada wani ya samu irinsa.

Ginin laka yana buƙatar yaɓe kusan kowace shekara, in aka yi sakaci damina biyu ko uku sai ɓaraka ta fara. A shekarun 1970 aka rufe masallacin Zariya da sabon ginin siminti, aka bar wani sashe na tsohon a ciki. Mai son ganin cikakken fasalinsa a yau sai ya je Jos, inda aka gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya, bisa aune-aunen Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Poland.